Hoton da Aka Aika Damagaram

Shekarun baya, a sanyin shekarar da aka ce ma'aikata 'yan Dahome su tattara su koma ƙasarsu, na wayi gari da akwatin hoto a hannuna ba tare da na nema ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ba a yi gada a kan kogi ba tukuna, kuma nan unguwar Dar es Salam ta Yamai inda nake zaune yau gonakin gero ne da sabara. Ni planto ne, wato masinja, a wani biro na gwamnati a unguwar Filato. Aikina shara, kai takardu daga wannan ƙofa zuwa waccan, da sayo wa manya goro da taba. Ko baƙi ɗaya ban sani ba. Takarda mai jan tambari ta mai gemu ce, mai shuɗi ta mai tabarau, haka nake rabawa, kuma ban cika ɓatawa ba.

A biron akwai wani kwamis, wato akawu, ɗan Dahome da muke shiri. Ranar da zai tashi na je gidansa na taya shi ɗaure kaya. Mota ta cika, matarsa na faɗa a kan tukwane, yara na kuka. Ana cikin haka ya fito da wani baƙin akwati mai igiyar fata ya rataya mini a wuya.

"Planto, riƙe wannan. Kado ne, kyauta."

A tsaye ya koya mini, da 'yar Hausarsa ta kasuwa. "Rana a bayanka, kullum. Mutum a gabanka. Ka duƙa ka leƙa nan sama. In ka gan shi, ka riƙe numfashi kamar za ka nutse a kogi, ka danna. Sannan ka murɗa wannan." Ya sa mini wani ɗan naɗi a tafin hannu, a cikin takarda mai ƙyalli. Ya ce sunansa pelikil, shi ake sakawa a ciki, shi ne ke kama hoton. "Ɗaya ya rage. Hoto goma sha biyu, shi ke nan. Ba ya haihuwa."

Akwai wata 'yar jar taga a bayan akwatin inda lamba ke fitowa. Na ce masa ban iya karanta lamba ba. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da yatsa. In na ga taɓarya ita kaɗai, farko ke nan. In na ga taɓarya da agwagwa a gefenta, an zo ƙarshe. Direba ya matsa oda, ya hau, suka tafi. Ban sake ganinsa ba.

Pelikil ɗin na ɓoye shi a cikin tukunyar mahaifiyata. Akwatin kuwa na dinga yawo da shi babu komai a cikinsa. Na ɗauki awakin ƙauyenmu Gudel kaf, na ɗauki masunta da jiragensu, na ɗauki masu ban ruwa a lambu. Kowa sai ya gyara tsayuwa ya haɗe fuska, in danna, ya tambayi yaushe zai fito, in ce sai an wanke. Kafin wata ya ƙare sunana ya koma "mai hoto" daga Gudel har kasuwar Petit Marché, ni da ban taɓa fitar da hoton ko ƙadangare ba.

A cikin kwanakin nan aka sa bikin abokina. Tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, iyayensa mutanen Maraɗi ne da suka daɗe a Yamai. Yarinyar da zai aura tana hannun gwaggonta, wata dattijuwa 'yar Damagaram mai sayar da kayan yaji a Petit Marché. Rumfarta na jikin inda mahaifiyata ke baje salati da tumatir, don haka tun ina ɗaukar kwando a ka ta san ni. Mahaifina mutumin Tawa ne, amma ya rasu ina ƙarami, na tashi a cikin dangin uwa Zabarmawa a Gudel. Shi ya sa dattijuwar ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Ɗan Zabarma, zo nan."

Na je na durƙusa tsakanin buhun citta da na barkono.

"An ce ka sami abin Annasara da ke kama mutum a takarda."

"Na samu, Gwaggo."

"Ka iya?"

"Na iya."

Mahaifiyata ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da yayyafa wa salati ruwa.

Gwaggo ta rage murya ta faɗa mini abin da ake ciki. Yarinyar 'yar fari ce. Tun tana 'yar ƙarama ƙanen Gwaggo ya ba ta ita riƙo, ta taho da ita Yamai, ba ta sake komawa ba. Uwar tana can Damagaram. Saboda kunyar ɗan fari ko sunan yarinyar ba ta kamawa, kuma duk shekarun nan ba ta taɓa tambayarta ba. Akwai wani ɗan'uwansu direban kamyo, babbar motar kaya, da ke zuwa jifa-jifa, in zai taho sai dai ta ce masa a gaida mutanen gida. To bana ƙafafu sun riƙe ta, ko tsakar gida ba ta fita sai an ɗauke ta, zancen zuwa biki bai ma taso ba. Wannan karon ta ƙara wa direban magana ɗaya. Wai ta ji a Yamai akwai abin da ke ɗaukar kamannin mutum, in ba wahala a aiko mata ta ga yadda biki ya yi.

"Biki take son gani?" in ji Gwaggo. "Ta ga biki ya fi gashin kanka. Fuskar ɗiyarta take so, bakin ne ba zai faɗa ba. Direba na nan, da an gama zai juya. Ni ba zan shigo da wani ƙato baƙo wurin amarya ba. Kai ɗan gida ne. Za ka yi?"

Na ce zan yi. Sai na tuna maganar rana.

"Amma Gwaggo, abin nan da hasken rana yake aiki. In aka bari sai bayan magariba aka kai amarya, ba abin da zai fito."

"Wannan mai sauƙi ne. Da la'asar za a fito da goɗiya da makaɗa. Ka ɗauka son ranka."

Na tashi ina jin kaina. Ni planto, da magana ɗaya na sa an canja lokacin kai amarya. Ba ta tambaye ni hoto nawa abin ke ɗauka ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar biki na shiga ɗaki na lulluɓa da bargo na saka pelikil yadda aka nuna mini. Sanyi ake, amma sai da na jiƙe da gumi. Na murɗa a hankali har taɓarya ta fito a jar taga. A wurin ɗaurin aure dattawa sun sha manyan riguna, hannuna na ƙaiƙayi, na daure. Daga nan na biya inda ango ke zaune da abokai, a gidan wani babban abokinsa. Yana cikin rigar da ya kwana uku yana yi wa aiki da hannunsa.

"Mai hoto, ɗauke ni ɗaya mana."

"Kai kullum ana ganinka a bakin kasuwa. Na amarya ne."

"Ɗaya tak. Dubi aikin wuyan nan."

"Ko rabi."

Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, aka yi dariya, na wuce.

Da la'asar na isa ƙofar gidan Gwaggo. An aro goɗiyar wani mai lambu a Gudel, tsohuwa ce da na sani tun tana ɗaukar taki, amma an shimfiɗa mata zane an ɗaura mata tuntaye har ta yi kama da dabbar kirki. Masu kalangu sun ja layi, mata sun cika lungu. Can aka rangaɗa guɗa, aka fito da amarya a lulluɓe da baƙin turkuɗi mai sheƙi, ba a ganin komai sai hannuwa da ƙafafu da suka sha lalle, da awarwaron azurfa. Aka ɗora ta, wata ta riƙe linzami, aka kama hanya.

Na yi sa'a gidan ango yana yamma, don haka in na shiga gabansu ina tafiya da baya, rana na bayana. Haka na yi. In na sami wuri sai in ɗaga hannu in ce, "A tsaya!" Abin mamaki, sai kowa ya tsaya, har goɗiya. Ban taɓa ba mutum biyu umarni sun bi ba, ga shi yau lungu guda na jirana. Babban makaɗin ya juyo da kalangunsa kaina yana kirari, "Mai hoto ɗan Gudel! Annasaran Zabarmawa! Ka kama mutum bai ji zafi ba!" Kaina ya ƙara girma.

Tafiya da baya tana da nata. Sau ɗaya na taka gefen kaskon wata mai tuyar ƙosai, na yi tangal-tangal, yatsana ya danna da kansa. Ta bi ni da zagi cikin Zabarmanci har da kakannina, na ba ta haƙuri ina ci gaba da ja da baya. Wani wurin kuma na danna sau biyu ban murɗa ba, sai bayan na yi na tuna.

Amarya kuwa ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. In na ce a tsaya, sai ta juyo da kanta wajena. Ta ɗaga hannu yadda lalle zai fito. Ta gyara zama. Matan da ke biye suna ta ƙyalƙyala dariya suna tafawa, na ɗauka murnar biki ce. Da muka kusa gidan ango na leƙa jar taga na ga taɓarya biyu a jere, na san saura kaɗan. Fuska ce ba ni da ita. Na matsa kusa na ce, "Don Allah amarya, ko kaɗan ne. Saboda mutanen Damagaram."

Ta kama gefen mayafi ta ɗaga, ta washe mini baki, ga wushirya a tsakiya. Rana ta faɗa a kan fuskar sosai. Na riƙe numfashi na danna. Wata tsohuwa ta kai mata duka a cinya tana cewa, "Ke, marar kunya!" Mata suka kwashe da shewa. Na ce a raina, wannan shi ne hoton. Na ƙarshe na ɗauke shi ana sauko da ita a ƙofar gida. Agwagwa ta fito ta wuce, na murɗe naɗin gaba ɗaya, na koma Gudel ina tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

Mai wanke hoto ɗaya na sani, shi ma ɗan Dahome ne, shagonsa na bayan kasuwa. Na tarar da shi yana buga ƙusa a akwatunan katako, babbar na'urarsa mai ƙafa uku an riga an naɗe ta. Da farko ya ƙi. Na tsaya na taya shi buga ƙusa har ya gaji da ganina. Ya ce akwai sauran ruwan magani a kwano da bai zubar ba, zai yi mini, in zo gobe da safe, don jibi ba ya nan.

Da safe ya miƙo mini su a cikin takarda. Ɗaya sararin sama ne da kunnen goɗiya, wannan na mai ƙosai ke nan. Ɗaya kuma goɗiyar na da kai biyu, makaɗi na tsaye a cikin cikinta. Sauran duk sun fito tas. Mai wankin ya ɗaga na fuskar ya duba a haske ya ce, "Farko ke nan? Kana da ido." Wannan maganar ita na rera a hanya har gidan ango.

Na same shi a zaure da abokai ana shan shayi. Na zube hotunan a tabarma, na zauna ina jiran yabo. Aka yi ta wawaso. Wannan ya ga ƙanwarsa, wancan ya ga bangon gidansu. Abokina yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Da ya zo kan na fuskar ya daɗe yana kallo.

"Sauran fa?"

"Su ke nan."

"Wannan wace ce?"

"Amaryarka mana."

Wanda ke zuba shayi ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ajiye buta a hankali, sannan ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki.

"Ango, an yi maka musanya a hanya!"

"Wayyo, wushiryar ma ta fito!"

Abokina bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ƙawarta ce, ɗiyar maƙwabciyar Gwaggo. Amaryar boko ce."

Na ce ban gane ba. Suka yi mini bayani su uku a lokaci ɗaya. A al'adarsu ba a ɗora amaryar gaskiya a kan doki a zaga gari da ita, saboda idon mutane da bakinsu. Sai a shirya wata daga cikin ƙawaye, a yi mata ado, a bi ta da kiɗa, kowa ya zuba mata ido. Ita kuwa ta ainihin, bayan magariba tsofaffi biyu suka rako ta a ƙafa ta bayan gida, da zanen da take zuwa rijiya da shi. A lokacin ina Gudel ina cin tuwo ina ba da labari.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" na ce da abokina.

"Wa ake faɗa wa wannan? Yaron goye ya sani."

"Ni a Gudel ban taɓa gani ba."

"To yanzu ka gani," in ji mai shayi, "har ka ɗauka sau goma sha biyu."

Ana cikin haka sai ga sallamar Gwaggo, ta zo duba amarya, direba na biye da ita. Tana ganina fuskarta ta washe.

"Yawwa, ɗan halak, kai nake nema. Shekaranjiya ka sha wasa da 'yan mata. Yau amarya ta huta, an gyara mata kai. Ɗauko abin naka ka shigo ka ɗauke ta, gobe wannan zai tashi."

Na ce, "Gwaggo, ya ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Abin da ke ciki. Goma sha biyu ne kawai."

Ta dubi akwatin da ke wuyana, ta dube ni. "Ba ga shi nan ba? Ba ido ne da shi ba? Ido yana ƙarewa?"

Sai a lokacin na gane yadda ta ɗauki abin. A wurinta kamar madubi ne, wanda ya tsaya a gabansa ya fito, yau da gobe da jibi. Da na roƙi a fito da rana, ta ɗauka shagalin nake son ɗauka don nishaɗi, na amarya kuwa daga baya, a natse, a cikin gida.

Na ari keke na bazama. Shagon ɗan Dahome a rufe, an riga an kai kayansa tasha. Na hau Filato wurin wani Bature mai sayar da kayan hoto. Ya juya akwatin ya ce irin wannan pelikil ba shi da shi, kayansa na can tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun maƙale tun da aka rufe hanyar Dahome, bai san ranar zuwansu ba. Ya ce in ana so a kawo amaryar zuwa shagonsa ya ɗauke ta da nasa, amma wanki sai wani sati. Na koma na faɗa. Abokina ya ce a kai ta, a roƙi direba ya jira. Gwaggo ta ce amaryar da ko kwana bakwai ba ta yi ba, a fito da ita titi a kai ta shagon Annasara, sai dai bayan ranta. Direba ya ce ko an kai ta ma shi ba zai iya jira ba, kamyo ba nasa ba ne, kaya an riga an ɗaure.

Da yamma muka taru a tsakar gidan ango, ni da shi da Gwaggo da direba. Amarya na cikin ɗaki, an saki asabari a ƙofa. Gwaggo ta baje hotunan a kan zanenta tana juyawa. Ta ture na fuskar gefe, ta ɗauki wani da aka lulluɓe ruf, hannu ɗaya a ɗage.

"Wannan. Fuska a rufe, lalle ya fito. Wa zai ce ba ita ba ce? Rabon uwar da ita tun ba ta fi tsayin turmi ba. Kai direba, ka miƙa mata ka ja bakinka."

"Ni kaya nake kaiwa, Inna. Abin da aka ba ni shi nake saukewa."

Abokina ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren tabarma. Ni dabarar ta yi mini daidai, don za ta rufa mini asiri, har na fara gyaɗa kai. Sai murya ta fito daga bayan asabari, a hankali.

"Gwaggo."

"Ke, amarya ba ta magana."

"Gwaggo, kar a kai mata wannan a ce ni ce."

"To me za a kai mata? Kunnen goɗiya?"

"Za ta sa shi ƙarƙashin matashi. Kullum ta ciro ta dubi hannuwan nan tana neman nawa a ciki. Ni ba zan iya kwana da wannan ba. A kai mata duka, a faɗa mata yadda aka yi."

"Ki sa a yi mana dariya a Damagaram?"

"Gara dariyar, Gwaggo."

Daga baya Gwaggo ta tattara hotunan duka, har da mai kai biyu, ta ƙulle a ɗankwali ta miƙa wa direba. Da za ta tashi ta dafa kafaɗata don ta miƙe, ta ce, "Kai kuwa ɗan Zabarma, Allah ya shirye ka."

A gida mahaifiyata ta riga ta ji, don labari ya gama kasuwa kafin azahar. Ta ajiye mini abinci ta ce, "Yarinyar da ake raba ta da gidansu, ta buɗe fuska a tsakiyar titi ta yi maka dariya, ranka bai ba ka komai ba?"

Na ce na ɗauka hoton take yi wa.

Ta ce in ci abincina.

An yi fiye da wata kafin direba ya dawo. Na tarar da shi a rumfar Gwaggo yana ba da labari, na tsaya daga gefe. Ya ce ya sami tsohuwar a jingine da bango, aka miƙa mata ɗankwalin, ta kwance ta dinga duba su ɗaya-ɗaya tana kai su kusa da ido. Ya faɗa mata yadda aka yi bai rage komai ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta aka kawo ruwa. Ta ce ita ma da ƙuruciya an sha ɗora ta a doki a madadin wasu, don ba ta da tsoro. Ta ce ashe a Yamai ma ana yin abu yadda ake yi, an ɓoye yarinya har abin Annasara bai gan ta ba. Ta ce a gaida mai hoton, ya iya, goɗiyar ta fito sosai.

Gwaggo ta ce, "Ka ji, kai ake gaisarwa."

Direban ya ce bai gama ba. Bayan mata sun watse, yana saka takalmi zai fita, sai ta kira shi. Hoton mai wushirya na hannunta, shi take kallo, ba shi ba. Ta ce, "Ita waccan, wadda ba a ɗauka ba. Ta kai wannan tsawo?" Ya ce ta fi ta. Ta ce da me? Ya rasa yadda zai kwatanta, sai ya matsa jikin bango ya sa hannu daidai kunnensa ya ce kamar nan. Ta sa aka kawo gawayi aka ja layi a wurin. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon layin, don daga inda take zaune yana da nisa. Sannan ta ce ya sauka lafiya.

Gwaggo ta juya tana gyara buhun kanumfari wanda ba abin da ya same shi.

Sai da zafi ya shigo hanya ta buɗe, pelikil ya zo. Na saya na tafi gidan abokina da hantsi. Aka fito da kujera tsakar gida, ta zauna, shi ya tsaya a bayanta cikin rigar nan tasa. Kafin in danna na tambayi Gwaggo ko ita ce. Ta ce ita ce. Na tambayi abokina. Ya ce, "Wallahi ita ce, ni dai na san ta." Ita kanta sai da ta yi murmushi, shi na kama. Hoton ya yi kyau. Doguwa ce, mai faɗin goshi, an ce goshin uwarta ne.

Direba ya tafi da shi a tafiyarsa ta gaba. Ya tarar an yi jana'izar tsohuwar kwanaki kaɗan kafin ya isa. Ya ba mijinta hoton, ya yi gaisuwa, ya sauke kayansa ya juyo.

Bayan haka na yi shekaru ina ɗaukar bukukuwa a ranakun da ba aiki, har na canja akwati sau biyu. Duk gidan da na je, kafin in buɗe jaka sai na nemi tsohuwar da ta fi kowa tsufa na zauna kusa da ita. In tambaye ta yadda suke yin nasu, wa za a fito da ita, ta wace ƙofa, hoton kuma wa za a kai wa. Ni ma in faɗa mata abin da akwatina zai iya da inda ƙarfinsa ya tsaya. Wasu suna ganin surutu ne ya yi mini yawa. Ba na damuwa.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin, har da kaina, ban sami inda zai zauna daidai ba. Gwaggo ta san al'adarta ba ta san akwati ba. Ni na san akwati, shi ma sama-sama, ban san al'adarta ba. Kowannenmu ya ɗauka abin da ya sani bai kai a faɗa ba. Yanzu da nake zuwa ajin manya da yamma, in mushe, wato malaminmu, ya tsallake wani abu ya ce wannan kowa ya sani, sai in ɗaga hannu in ce a maimaita. Samarin ajin suna dariya su ce Baba ya fara. Ina barinsu su gama, sannan a maimaita.

Abokina har yau in muka haɗu a wurin biki sai ya nuna mini wata tsohuwa ya ce ga amarya can, in yi sauri. Matarsa ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya, kuma 'ya'yanta duka ni na ɗauki aurensu. Mai wushirya tana nan da jikokinta, tana sayar da kifi a Petit Marché. Wani ɗan'uwansu ya dawo mata da hoton daga Damagaram, ta sa shi a gilashi ta rataye. Takan ce ko a aurenta na gaskiya ba ta yi kyau haka ba. A cikinmu duka ita kaɗai ta ci riba.

Abin da aka rasa, in an ƙirga, ba shi da yawa. Pelikil ɗaya. Tafiyar kamyo ɗaya zuwa Damagaram. Uwa ɗaya da ta san tsawon ɗiyarta ba ta ga fuskarta ba.